Daga Ƙamusun Bargery zuwa Wikidata: Tarihin Tara Bayanai na Gayya a Hausa da Matsalar Fito da Su ga Mai Karatu

1.0 Gabatarwa

A bayan takardar naira ashirin akwai hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan da ta rasu a 1984. Ɗalibin da aka ba aikin gida a kan tarihinta, idan ya shiga intanet neman bayani, zai tarar da magana guda da ake maimaitawa kusan ko'ina, wato cewa a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950. Maganar gaskiya ce, amma tana iya ɓatar da yaro, domin Abujar da ake nufi ba ita ce wadda ya sani ba. Ana nufin garin da Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828 bayan jihadi ya raba gidansu da Zariya. Da aka kafa dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta samar da Babban Birnin Tarayya, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, ya kasance a Jihar Neja. Abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne, Kwali, garin da aka haife ta, a yau yana cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Ke nan an haife ta a Abujar yau, ta yi aiki a Abujar jiya, kuma wurare biyu ne daban.

Mun kawo wannan misali ne domin ya nuna abin da wannan takarda ta sa gaba. Tara bayani aiki ne guda, fito da shi ta yadda mai nema zai gane shi ya yi amfani da shi kuma wani aiki ne daban. A tarihin nazarin Hausa an yi ƙoƙari ƙwarai wajen na farko, amma na biyun an fi barinsa ga sa'a. Za mu bi sawun ayyukan da mutane da yawa suka haɗa hannu suka tara, irin waɗanda muke kira rumbun bayanai na gayya, tun daga ƙamusoshin ƙarni na 19 zuwa rumbunan intanet na yau, mu ga inda aka dace da inda aka yi tuntuɓe, da kuma abin da hakan ke nufi ga malamai da masu tsara manhaja.

2.0 Masu Tarawa na Farko

Babu wani babban ƙamus na Hausa da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai, ko da kuwa suna ɗaya ne a bangon littafin. J. F. Schön, wanda ya fitar da jerin kalmomi a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, ya dogara ƙwarai da bakin Dorugu, wani matashi Bahaushe daga yankin Damagaram da ya yi tafiya tare da Heinrich Barth har zuwa Turai. Haka Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa zuwa Jamusanci na 1906, ya amfana da ilmin Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi. Waɗannan an san su. Akwai wasu da yawa da ba a rubuta sunayensu ba.

Aikin da ya fi nuna matsalar da muke magana a kai shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Tushen aikin takardun ajami ne da malamai suka rubuta, mafi yawansu a ƙasar Sakkwato, inda Razdan Burdon ya fara tattara su, Edgar kuma ya ƙara nasa ya mayar da su boko. Taska ce babba: tatsuniyoyi, da labaran sarakuna da yaƙe-yaƙe, da karin magana, da kacici-kacici, da wasiƙu. Sai dai an jera su ne kusan yadda suka zo hannu. Mai neman tatsuniyoyin Gizo sai ya ratsa juzu'i uku yana tsinta. Ga kuma rubutun da ba ya bambanta baƙaƙe yadda muke yi yanzu. Sakamakon haka littafin ya yi fiye da rabin ƙarni yana kwance, ba kasafai ake taɓa shi ba, har sai da Neil Skinner ya fassara shi zuwa Ingilishi, ya sake masa tsari bisa nau'o'in labarai, ya fara fitar da shi a 1969. Skinner bai tara sabon labari ba. Jeri ya sauya, sai ga shi manazarta sun koma kan littafin. Abin takaici dai shi ne, sabon jerin ya fi amfanar mai jin Ingilishi fiye da jikokin malaman da suka rubuta.

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. Gwamnati ce ta ɗora masa aikin a 1921, ya shafe shekara goma sha wani abu yana zagaya ƙasar Hausa tare da malamai, ya fito da kalmomi kusan 39,000. Yawan kalmomin ba shi ne kaɗai ya sa har gobe ake komawa gare shi ba. Ya yi abubuwa uku waɗanda a ganinmu su ne ginshiƙin kowane rumbu mai amfani. Ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ta yadda mai karatu zai bambanta garin da mutane ke zaune ciki da garin tuwo, ko kukan yaro da kukar miya. Ya sa alamar karin harshe a gefen kalma, wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina, wannan ta Zariya ko Haɗeja, don haka bai tilasta wa kowa ya ɗauki Kananci a matsayin Hausa gaba ɗaya ba. Sannan ya tara kalmomi masu kusancin ma'ana a ƙarƙashin kalma guda, ya riƙa tura mai karatu daga wannan zuwa waccan. A ƙarƙashin ƙato kaɗai akwai kalmomi fiye da 300 masu nuna girman jiki. Wanda ya saba da shafukan intanet zai gane cewa wannan shi ne abin da a yau ake yi da mahaɗin da ake latsawa, sai dai shi da yatsa ake juya shafi.

Duk da haka, ƙamusun yana da nauyi a hannu da aljihu, bayaninsa da Ingilishi ne, kuma alamomin da ya yi amfani da su wajen nuna karin sauti ba su ne aka ci gaba da amfani da su ba. Malamin firamare a Ɓatagarawa ko Gumel bai taɓa zama wanda aka yi littafin dominsa ba. An yi shi ne musamman don jami'an mulki da za su ci jarrabawar Hausa, da 'yan mishan, da masana. Wannan tambaya, wa aka nufa ya karanta, ita ce ke yanke yadda ake fito da bayani, kuma za mu sake cin karo da ita.

Akwai kuma batun sunan mai aiki. Ƙamusun R. C. Abraham da ya fito a 1949 yana ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. A bugu na biyu na 1962 sunan Abraham kaɗai ya rage. Ba mu kawo wannan don tuhumar wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Muna nuni ne da cewa, idan asalin bayani ya ɓace daga shafi, mai nazari ya rasa hanyar auna shi: daga bakin wa aka ji, mutumin wane gari ne, a wace shekara.

3.0 Zamanin Hukumomi

Daga wajen 1930 aikin ya koma hannun hukumomi. An kafa Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya. Sai Kamfanin Gaskiya a 1945, da NORLA a shekarun 1950, da Hukumar Harshen Hausa a 1955, wadda ta riƙa zama tana tace kalmomin aro da kalmomin fannoni tana fitar da jerinsu. Tarihin waɗannan sananne ne ga masu karatunmu, ba sai mun maimaita ba. Abin da za mu ɗauka daga wannan zamani shi ne tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a ƙarshen shekarun 1930, a madadin ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Janairun 1939, ita ta kai su gidajen mutane. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi ƙoƙarin daidaita rubutu tsakanin ƙasashe, amma har yanzu Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

A jami'a, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta gaji aikin Hukumar Harshen Hausa. Daga can aka sami ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Turanci na 1977 wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka jagoranta, sannan bayan dogon aiki na malamai da dama aka sami Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Wannan sauyi ne na wanda aka nufa: a karon nan Bahaushe ne ake sa ran ya buɗe littafin.

A matakin tarayya, abubuwa biyu suka tilasta tara kalmomi. Na farko Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ba harsunan gida gurbi a makaranta. Na biyu tsarin mulkin 1979, wanda ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata, sharaɗin da aka maimaita a sashe na 55 na tsarin mulkin 1999. A 1988 aka haɗe hukumomi huɗu, ciki har da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa, aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda hedikwatarta ke Sheda a yankin Abuja. Daga wannan zuri'a ta ayyuka aka sami jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsuna tara, da Hausa Metalanguage na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, da kuma ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu na 1991.

Duka waɗannan aikin gayya ne na haƙiƙa. An tara malaman jami'o'i da 'yan jarida da ma'aikatan rediyo, an yi muhawara a kan kalma ɗaya ɗaya, an tsayar da matsaya. Amma littafi yana da iyakarsa. Yana nuna kalmar da aka zaɓa, ba ya nuna waɗanda aka ajiye da dalilin ajiye su. Malamin da ya taso da fi'ili, aka ce masa yanzu aikatau ne, ba shi da inda zai ga hujjar. Littafi yana da ƙofa ɗaya, mafi yawa daga Ingilishi zuwa Hausa, don haka ɗalibin da ya ci karo da sabuwar kalmar Hausa a takardar jarrabawa ba shi da hanyar komawa baya. Kuma idan bugu ya ƙare, ya ƙare. Duk wanda ya yi aikin duba makarantu ya san cewa samun waɗannan littattafai a ɗakin malamai abu ne mai wuya. Ga shi kuma harshe ba ya jira: kafin a sake zama, gidajen rediyo sun riga sun ƙirƙiro nasu kalmomi, kowane da tasa.

4.0 Kwamfuta da Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Zuwan kwamfuta ya kamata ya warware wannan, amma da farko sai ya ƙara wata matsala. Tsarin Unicode ya tanadi lamba ta musamman ga kowane baƙi mai lanƙwasa tun farkon shekarun 1990, sai dai manhajojin da ke hannun mutane ba su iya nuna su ba. Sai aka yi dabara: aka ƙera nau'o'in rubutu na musamman waɗanda ke aron wasu maɓallai. A wani tsarin ana buga q da x da v su fito a matsayin ƙ da ɗ da ɓ. A wani kuma ana aron alamomin baka. A kan takarda komai lafiya. Amma da zarar an ɗauki fayil ɗin zuwa wata na'ura, ko aka ɗora shi a intanet, sai a ga qasa da xalibi da varawo, ko kuma }asa da ]alibi. Kundayen digiri masu ɗimbin yawa da maƙalun tarukan ƙara wa juna sani suna nan a cikin wannan hali. Wanda ya rubuta ƙasa a akwatin bincike ba zai same su ba, domin a wurin na'ura ba kalma ɗaya ba ce. Wasu kuma suka yar da lanƙwasar gaba ɗaya, sai kafa da ƙafa suka zama abu guda, haka baki da baƙi.

Dabarar ta yi amfani a lokacinta, ba don ita ba da ba a buga littattafai da yawa ba. Amma ta bar mana bashi, kuma biyansa ba shi da wuya: mayar da waɗannan fayiloli zuwa Unicode aiki ne da sashen Hausa na kowace kwalejin ilmi zai iya yi da ɗalibansa, muddin an kula da sunayen baƙi da kalmomin Ingilishi da ke ciki, waɗanda q da x da v nasu na gaske ne.

5.0 Rumbun da Kowa ke Zubawa

An buɗe Wikipedia a 2001, kuma sashenta na Hausa, bayan ya daɗe ba ya motsi, a yau yana da dubun-dubatar maƙaloli da 'yan sa-kai suka rubuta. Amma abin da ya fi shafar batunmu shi ne Wikidata, wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2012 ƙarƙashin reshen Wikimedia na Jamus. Shi ba maƙaloli yake ajiyewa ba, bayanai ne gutsure-gutsure. Kowane abu, mutum ko gari ko littafi, yana da lamba tasa da ke farawa da harafin Q. Nijeriya, alal misali, ita ce Q1033. A ƙarƙashin lambar ake rubuta sunan abin da harsuna daban-daban, da sauran sunayen da aka san shi da su, sannan a jera maganganu a kansa: an haife shi a wuri kaza, ya rubuta littafi kaza. Kowace magana ana iya liƙa mata lokaci, da madogara, da darajarta idan ta ci karo da wata. A yau rumbun yana da abubuwa fiye da miliyan 100, kuma daga gare shi ne akwatunan taƙaitaccen bayani na Wikipedia da manhajoji da yawa ke ɗiba.

Idan aka duba da kyau, wannan tsari ya amsa yawancin koke-koken da muka jero. Abuja da Suleja lambobinsu daban, don haka ba dole a rikita su ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Larabci da Ingilishi da Faransanci kowane ke rubuta sunansa da sigarsa, lamba ɗaya gare shi, duk ta inda aka nemo shi za a same shi. Haka Damagaram da Zinder. Haɗeja tana Jihar Kano har zuwa 1991, daga nan tana Jigawa. Gusau tana Jihar Sakkwato har zuwa 1996, daga nan tana Zamfara. Rumbun yana iya riƙe maganganun biyu tare da shekarunsu. Ana kuma iya tambayarsa ya fito da amsa a sigar jadawali, ko taswira, ko jerin shekaru. Malami zai iya neman marubutan Hausa da wuraren haihuwarsu a kan taswira, ya ga Abubakar Imam a Kagara, ya sa ɗalibai su tambayi kansu dalilin da ya sa wasu yankuna suka cika wasu kuma babu kowa. Sau da yawa amsar ita ce ba a shigar da su ba ne, kuma wannan ma darasi ne.

A 2018 aka ƙara wa Wikidata sashen kalmomi, inda kowace kalma ke da lambarta, da sigoginta, da ma'anoninta. A 2021 kuma, a shirin da ake kira Abstract Wikipedia, aka zaɓi Hausa cikin 'yan harsunan da za a fara mayar da hankali a kansu, tare da Ibo da Bengali da Malayalam, da Dagbani na Gana. Burin shirin shi ne na'ura ta riƙa gina jimloli a kowane harshe daga bayanan da ke cikin rumbu. A nan ne aikin ya shigo gonarmu sosai. Na'ura ba za ta iya cewa Kano birni ne, Abuja kuwa hedikwata ce ba, sai an gaya mata jinsin kowane suna. Ba za ta san a ce jihar Kano amma garin Kano ba. Jam'in Hausa ba ya bin doka ɗaya, don haka gida da gidaje, da sarki da sarakuna, da mace da mata, dole a shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Rukunonin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda ke haɗa saya da sayo da sayar da sayu, dole a yanke shawarar ko kalma ɗaya ce mai sigogi ko kalmomi ne daban. Waɗannan tambayoyi ne na nahawu, kuma idan masana nahawu ba su shiga ba, wani zai amsa su a madadinsu, yara kuma su karanta sakamakon.

Kada a ɗauka muna cewa an gama. Iya riƙe bayani daban, nuna shi daban. Misalin da ya fi damunmu shi ne na shekarun sarakunan Kano. Littafin tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ba ya ba da shekarar hawa ko ta sauka. Tsawon mulki yake faɗa, wane ya yi shekara kaza. Palmer ne ya yi lissafi da baya ya kai Bagauda 999, ya sa Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499. Ƙiyasi ne mai amfani, amma ƙiyasi ne, kuma kuskure ɗaya a tsakiya yana motsa duk abin da ke gabaninsa. Rumbu yana da hanyar nuna cewa shekara ƙiyasi ce, sai dai akwatin da ɗalibi ke gani a waya sau da yawa lamba tsirara yake nunawa, ta yi kama da 1960 wajen tabbas. Haka batun yawan masu jin Hausa. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ba, don haka duk adadin da aka gani ƙiyasi ne na wani, a wata shekara, bisa wata hanya. Yaron da ya kwafe shi ba tare da waɗannan ukun ba, bai koyi abin da muke so ya koya ba.

Sannan akwai abin da rumbun ba ya karɓa da sauƙi. Ƙa'idar Wikipedia ta fi yarda da abin da aka buga. Jerin sarakuna da ke bakin maroƙa da makaɗan fada, ko tarihin unguwa da ke bakin dattawa, ba shi da shiga sai wani ya rubuta shi a littafi ko mujalla. Ke nan kundayen ɗalibanmu da mujallu irin su Harsunan Nijeriya su ne gadar, in har ana iya samunsu. Akwai kuma maƙalolin da ake juyowa daga Ingilishi da na'ura ba tare da tacewa ba, waɗanda Hausarsu ba ta shiga kunne. Gayya haka take: wani ya yi kunya mai kyau, wani ya binne shuka.

6.0 Abin da ya Shafi Manhaja

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da janye ta. Ko ma wace manufa ce ke aiki, Hausa na nan a matsayin darasi, kuma ɗalibanta sun riga sun koma neman bayani a waya. Manhajarmu tana koyar da auna fahimta da taƙaitawa da insha'i, duk a kan rubutu mai tafiya a jere. Ba ta koyar da karanta jadawali ko taswira ko akwatin bayani da Hausa. Muna ganin wannan gurbi ne da za a iya cikewa ba tare da ƙirƙiro sabon darasi ba. A ƙarƙashin auna fahimta a babbar sakandare, ana iya ba ɗalibi magana guda daga rumbu a ce ya nemo wanda ya faɗe ta da shekarar da aka faɗa. A darasin amfani da ƙamus, ana iya ɗora shigar kalma ɗaya daga Bargery kusa da ta ƙamusun 2006, a tambayi abin da kowanne ya nuna da abin da ya bari. Inda babu wuta ko intanet, takarda ɗaya da aka buga ta isa.

A kwalejojin ilmi abin ya fi haka. Ɗaliban Hausa sun fito daga kowane karin harshe, kuma kusan kowannensu yana riƙe da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Abin da ya ci wa Bargery shekaru yana yawo, aji ɗaya zai iya yin wani yanki nasa cikin zango guda: kalma, da furucinta da murya, da garin da aka ji ta, da jimlar misali, malami ya tace kafin a shigar. Murya tana warware matsalar karin sauti ga wanda bai iya karanta alamominsa ba. Sharaɗi dai shi ne a nemi yardar wanda aka ɗauki muryarsa, kuma a rubuta garinsu da shekarar, don kada a maimaita abin da ya faru da malaman Edgar.

Akwai shawara guda da ba ta hannun malami, ta hukumomi ce. Wikidata ba ya karɓar bayani sai wanda aka saki ga kowa ba tare da sharaɗin mallaka ba. Don haka ba halal ba ne ɗalibi ya kwafe ƙamusun wani ya zuba. Amma jerin kalmomin 1990 da na 1991 da na kimiyyar firamare da kuɗin jama'a aka yi su, kuma an yi su ne don su yaɗu. Hukumomin da ke riƙe da haƙƙinsu, tare da mawallafa, suna iya sakin su, a shigar da kowace kalma da shekararta da sunan taron da ya tsayar da ita, a bar gurbi a gefenta ga kalmar da Nijar ke amfani da ita da wadda rediyo ya yaɗa. A nan ne kuma za a bukaci matsaya a kan 'y da ƴ, domin dole manhajar bincike ta san cewa 'ya'ya da ƴaƴa kalma ɗaya ce kafin malamin Maraɗi da na Katsina su iya aiki a shafi ɗaya.

Littafin da Malam Hassan, Sarkin Ruwa, da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa a kan tarihin garinsu, wanda Frank Heath ya fassara aka buga a Ibadan a 1952, sunansa A Chronicle of Abuja. Ma'aikacin laburare ko ɗan sa-kai da zai shigar da shi rumbu yana da lambobi biyu a gabansa, kuma ta Suleja ce daidai.